Fitilar da Iya ta Kunna da Rana Tsaka

Azumin bana ya zo mana da zafin da na daɗe ban ga irinsa ba a Samaru. Tun ƙarfe goma kwanon ɗaki yake fara ƙara, kaji su buɗe baki su saki fukafukai, mutum ya dafa bango ya janye hannu. Ranar Laraba da ta wuce na fito daga kasuwa na tarar ana hayaniya a gidan mai. Wata mata ce ta zo da jarkar man gyaɗa, irin ruwan ɗorawar nan, murfin an ɗaure shi da leda, ma'aikacin ya ce ba zai zuba mata ba. Mutane suka yi masa ca, wai ba shi da imani, wai ana azumi. Ni da ba wanda ya kira ni na kutsa tsakiya ina cewa, "Fetur ne fa! Fetur ne!" Matar ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To da ruwa muka ce miki, Hajiya? Ko gidan man ubanki ne?" Ban rama ba. 'Yata Sadiya har yanzu ta ƙi yarda da wannan, don ta san bakina. Na dawo gida na kasa shan ruwa da daɗi, ina ta tuna wani azumin na shekara talatin da 'yan kai.

Shi ma a bazara ya faɗo. Rijiyoyin unguwa suka ƙafe, sai a zura guga a jawo laka. Kullum da la'asar hadari ya taru ta gabas, ya yi baƙi ƙirin, mu kwashe shanya, sai ya watse ya bar mu da gumi. A kan wannan kuma ga wahalar mai. Layin motoci ya kama tun daga gidan mai har ya sha kwana, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin motocinsu suna kwana biyu, uku. Titin da ke zuwa Kwangila ya yi tsit, har kana jin kukan kurciya daga tsallake.

Mu huɗu ne a gidan. Ni, Sadiya tana goye, surukata da muke kira Iya, sai Malam, maigidana, wanda yake aikin gona a Shika. Saboda rashin mota ya koma kwana can, sai ranar Asabar ya zo a keke. Ni kuwa injin markaɗe gare ni a soron ciki, mai shan fetur, kuma duk mai inji ya san azumi shi ne kakarsa. Tun hantsi robobi ke jeruwa: waken ƙosai, geron kunu, tattasai da tumatir. Doka ɗaya Malam ya kafa mini a kan injin nan, cewa fetur ba zai kwana a gidansa ba in ba wanda ke cikin tanki ba. Da can dokar ba ta dame ni ba, don kwalba ɗaya nake saye da safe. Da mai ya ɓace, inji ya yi kwana huɗu a kashe, ina ji ina gani Ladi mai ƙosai, wadda ta fi kowa kawo mini markaɗe, ta ɗauki wakenta ta tsallaka titi. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Sai na tafi Sabon Gari wurin Baba Sande, mai gyara mini inji. Mutumin kudu ne, amma a Zariya ya tsufa, Hausa a bakinsa kamar ta gado. Yana da wata tsohuwar mota da yake kaiwa layi, in ya samu mai ya zuƙo da tiyo ya raba wa masu injinan da yake gyarawa. Da ya ga jarkokin man gyaɗa uku da na zo da su ya girgiza kai.

"Madam Rabi, wannan ba ta fetur ba ce. Ga ta ƙarfe can mai murfin kirki, ki ara."

Na ce ta yi nauyi. Gaskiyar ita ce ba ta ɓoyuwa a buhu.

Ya yi tsaki, ya sauke jarkokin a ƙasa, ya ce ba a cika jarka a kan mota ko a hannu, sai tana zaune a ƙasa. Ya zuba a biyu, ya tsaya saura yatsa huɗu a kowace, ɗan ragowar ya zuba a ta ukun. Na ce ya ƙarasa mana, ya ce a'a, fetur yana kumbura in ya ji zafi, dole a bar masa wurin numfashi. Sannan ya riƙe wuyan jarkar ya ƙi saki sai da na dube shi.

"Kada ki sa a rana. Kada ki sa a ɗaki. Kada ki sa a rami. Tururinsa ba sama yake tashi ba kamar hayaƙi, ƙasa yake kwanciya, ya taru inda ya samu kwari, ya jira wuta."

Na ce to, to, na ji. Azumi ya kama ni, hankalina yana kan yadda zan samu mota. Ina shan kwana na laɓe a wani lungu na juye ta ukun cikin biyun har baki, don kaya biyu sun fi uku sauƙin ɗauka. Murfin ɗaya ya tsage, na naɗa leda na ɗaure da roba. Na zura su a buhu, na rufe da alayyafo, na shiga bas da su a tsakanin ƙafafuna, mutum goma sha a matse. Allah dai ya tsare wannan tafiyar.

A hanya na yi ta tunanin inda zan ajiye. Ba rana, ba ɗaki: waɗannan biyun su suka zauna mini a kai. Na ukun ya bi iska. Sai na tuna tsohuwar rijiyar da ke bayan ɗakunanmu, har na ji daɗin wayona.

Rijiyar nan mijin Iya ne ya haƙa ta, marigayi, wanda haƙar rijiya ce sana'arsa. Ta gidansa ce kaɗai ta gagare shi. Shi yana ciki, Iya tana baki tana jan ƙasa da guga, har gaba biyar, sai ya ci karo da dutse. Bai kai ga fasa shi ba ya rasu. Aka rufe ta da fallen kwano aka danne da dutse, a gindin mangwaro. Na jira Iya ta kwanta bayan azahar, na kwance igiyar shanyata shuɗiya, na raba biyu, na zura jarkokin har ƙasa, na ɗaure bakin igiyar a wani turke a ƙarƙashin kwanon. Da Iya ta tambayi igiyar na ce an sace. Kullum in ta yi barci in jawo mai murfin kirkin in tsiyayi kwalba ɗaya. Mai ledar ban taɓa ta ba, na bar ta sai goman ƙarshe. Inji ya tashi, Ladi ta dawo, ba wanda ya tambaye ni inda nake samu.

Kwana na uku aka fara jin bugun.

Rana tsaka ne, lokacin da ko ƙuda ba ya motsi. Na kashe inji in huta, Iya tana zaune a inuwar mangwaro tana jan carbi. Sai daga ƙarƙashin ƙasa aka yi ɗum. Aka ɗan jinkirta. Aka sake yin ɗum. Na ga carbin ya tsaya a hannunta.

"Rabi, kin ji?"

"Me fa, Iya?"

"Sau biyu." Ta daɗe tana kallon kwanon. "Haka yake buga guga da dagi in yana so a jawo shi."

Tsigar jikina ta tashi, alhali na san jarka ce zafi ya kumbura. Na sani sarai, amma sai da na ji sanyi a bayana.

Washegari ma aka buga, kusan lokaci ɗaya. Sai kwaɗin da ke ƙasan rijiyar, waɗanda suke kuka duk ranar da hadari ya taru, suka yi shiru. Jerin tururuwar da ke bi ta gefen kwanon suka canza hanya, suka zagaye wurin. Kazar Iya mai 'ya'ya bakwai da ke fakewa a jikin rijiyar ta fito tana tangaɗi, da yamma muka tsinci 'yan tsaki huɗu a kwance a bakin wata 'yar kafa, ba rauni, ba jini, ƙafafu a miƙe. In ka tsuguna ka dubi gefen kwanon sai ka ga wurin yana rawa, bangon da ke bayansa yana lanƙwashewa. Ni kaina in na leƙa in jawo jarka sai jiri ya ɗebe ni, in ce azumi ne.

Wari kuwa akwai shi, amma gidan mai inji ne, kowa ya saba jin fetur a zanina da hannuna. Ita Iya tun wani zazzaɓi da ta yi shekarun baya hancinta ya mutu, ko daddawa ba ta ji.

Ladi ce ta fara cewa mutanen ɓoye ne. Ta zo karɓar ƙullu aka buga a gabanta, ta saki roba ta yi salati. A nan ne na yi abin da har gobe nake jin kunyarsa. Maimakon in yi shiru, sai na ƙara gishiri. Na ce ai ni ma jiya na ga kamar inuwar mutum a tsaye a gindin mangwaron. Na ce da ni ce su, ba zan bar yara su raɓi wurin ba. So nake kowa ya guji rijiyar, kuma aka guje ta. Kafin kwana biyu labari ya gama layinmu, masu kawo markaɗe suka daina wuce soro. Da Malam ya zo ranar Asabar ya ji, ya yi addu'a ya tofa a ruwa ya yayyafa daga nesa, ya koma Shika.

Iya kaɗai ce ba ta gudu ba. Kullum rana tsaka sai ta ja tabarma ta zauna tana jiran bugun. In ta taso idonta ya yi ja, tana dafe kai. Wata rana na kai mata ruwan alwala na ji tana magana a hankali, tana cewa, "In kai ne, Allah ya ji ƙanka, ka yi haƙuri ka kwanta." Na ajiye butar na juya da sauri. Tausayinta ya kama ni har na yi hawaye a bayan inji, amma ban faɗa ba.

Ranar Alhamis, kwana na goma sha ɗaya, muna yanka albasar buɗa-baki, ta ce da ni:

"Na yi tunani, Rabi. Wanda ya mutu ya mutu, ba ya buga guga. Aljani kuma me zai yi da 'yan tsaki? Ciwon rijiya ne wannan. Tsohuwar rijiya takan ɓaci, numfashinta ya zama guba, ta kashe kwaɗo, ta kashe mai shiga. Shekara talatin ina tsaye a bakin rami, na sani. Gobe zan gwada ta yadda marigayi yake yi."

Ban tambaye ta yadda yake yi ba. Ni 'yar masu sayar da hatsi ce, ban san komai a haƙar rijiya ba. Na ɗauka dutse za ta jefa ta saurara. Abin da ya dame ni kawai kada ta ga igiya. Na ƙudurta gobe in an tafi masallacin Juma'a, layi ya yi shiru, ita kuma ta shiga sallah, in fitar da jarkokin in kai kangon maƙwabta.

Juma'ar nan ta fi kowace rana zafi. Sama ta yi fari fat, ba gajimare ko ɗaya. Markaɗe ya yi mini yawa, mata biyar a soro har da Ladi, kowace tana cewa nata za a fara. Aka kira sallah, na ce bari in gama wannan robar. Na gama, na ce bari in ƙara ɗaya.

Ina cikin tura wake na hango Iya ta ƙofar soro ta fito daga ɗakinta. Fitilar ƙwai ce a hannunta, ta cire gilashin, a kunne. Harshen wutar ko ganinsa ba a yi sosai saboda hasken rana. A ɗaya hannun igiyar guga. Tana tafiya a hankali, ta kare wutar da gefen mayafinta.

Ladi ta taɓa ni tana dariya, ta ɗaga murya saboda ƙarar inji. "Tsufa ke nan! Fitila da rana tsaka!"

Wata dattijuwa a cikinsu ta ce, "Ba tsufa ba ne. Haka masu haƙa suke yi. A zura fitila, in ta mutu to ramin ya ɓaci, ba a shiga."

Na ji maganar kamar daga nesa. Sai muryar Baba Sande ta dawo mini, maganar rami, ta ukun nan da na yar a hanya. Na saki robar na fita a guje, inji yana ta ƙara a bayana, matan suka biyo ni zuwa bakin ƙofa.

Iya ta riga ta ture dutsen, ta ja kwanon gefe, ta durƙusa, fitilar tana lilo a bakin ramin. Tsakanina da ita bai fi taku ashirin ba. Kalma ɗaya ce za ta tsayar da ita, kuma tana kan harshena. Amma mata biyar suna tsaye a bayana, Ladi a gaba, kuma duk abin da Ladi ta ji da azahar Malam zai ji shi kafin magariba. Sai na buɗe baki na ce, "Iya! Iya!"

Ta waiwayo, ta yi mini alama da haɓa cewa in dakata, ta ci gaba da sakin igiya.

Ba ƙara mai yawa ba ce. Wuf kawai, kamar an kaɗa babban zani. Iskar ta kayar da ni zaune. Wutar farko ban ma gan ta ba, sai ganyen mangwaro da na ga suna naɗewa suna yin baƙi tun daga ƙasa har sama. Sannan baƙin hayaƙi ya biyo. Iya tana kwance rigingine, mayafinta yana ci, hannayenta biyu a sama kamar har yanzu tana riƙe da igiya. Na yaye zanina na danne ta da shi.

Maza suka dawo daga masallaci suka tarar ramin yana aman hayaƙi. Ba ruwa a unguwa, sai suka yi ta zuba ƙasa da yashi, har da tubalin wani gini, ba su tsaya ba sai da suka cike rijiyar. Abin da ke ƙasanta ya binnu har yau. Rabin unguwa suka ce mutanen ɓoye ne suka yi fushi an kai musu wuta, ai ga Rabi ma ta ga inuwa. Sauran kuma suka ce kananzir ɗin fitilar ne aka gauraya da fetur, don shekarar ana yawan jin haka, kuma ga warin nan kowa ya ji. Malam da na biyun ya yarda. Baba Sande ya zo dubiya, ya tsaya a tsakar gida, ya dubi mangwaron, ya dube ni. Ya juya ya tafi. Bai sake taɓa injina ba, ko na aika sai ya ce aiki ya yi masa yawa.

Iya ta yi wata biyu a asibiti ta dawo. Fuskar ta warke, gira ce ba ta sake fitowa ba. Hannayen kuwa suka ƙanƙance, yatsun suka manne, ko cokali ba ta iya riƙewa. Shekara shida ta yi a haka. Ni nake ba ta abinci a baki, ni nake yi mata wanka da alwala, ni nake ja mata carbi tana faɗa. Na sayar da injin. Duk Samaru aka ɗauki yabona, ana kai amare su ga yadda ake riƙe suruka. Malam har kuka ya taɓa yi yana sa mini albarka. Kowace albarka sai in ji ta kamar an ɗora mini dutse a ƙirji.

A shekara ta shida, da damina, wata safiya ina goge mata baya da ruwan ɗumi, ana yayyafi a kan kwano. Ba ta juyo ba ta ce:

"Shuɗiya ce."

Na ce, "Me, Iya?"

"Igiyar shanyarki. Da kika kira ni na waiwaya, da na mayar da kai sai na gan ta a jikin turke. Fitila ta riga ta sauka."

Tsumman ya faɗi daga hannuna. Na zagayo gabanta na durƙusa, na kasa ɗaga kai.

"Na so in gaya wa mijinki," in ji ta. "Kullum da safe sai in ce yau zan faɗa, sai ki shigo da ruwan zafi. Yanzu kuma na gaji, na yafe. Tashi, ruwan zai huce." Na ɗauki tsumman. Sai ta ƙara da cewa, "Abu ɗaya ne na kasa ganewa, Rabi. Kin san abin da ke ciki, kina da baki. Me ya sa sunana kika kira?"

Na zagaya na ci gaba da goge mata baya. Ba ta sake tambaya ba, kuma kafin kaka ta rasu. Malam ma ya bi ta bai sani ba.

Yanzu an yi ɗaki a kan wurin rijiyar, jikokina ke kwana a ciki. Mijin Sadiya yana da janareta, na sa shi dole ya sayi jarkar ƙarfe ya gina mata akurki mai iska a can nesa da madafa, suna ce mini Hajiya mai doka. In zafi ya yi zafi irin na bana, rana tsaka, kwano yakan yi ɗum, ya jinkirta, ya sake yin ɗum, sai in ajiye duk abin da ke hannuna. Matar gidan man nan tana da gaskiya, kowa a wurin ya san fetur ne, ba wanda yake buƙatar in gaya masa. Wadda take buƙata taku ashirin ne tsakanina da ita, kuma ta waiwayo ta dube ni.